Gungumen Tsakar Gidan Pueblo Bonito

A shekarar 1924, ma'aikatan mai binciken kufai Neil Judd suna cikin kwashe ƙasa a tsakar gidan wani tsohon kango da ke arewa maso yammacin jihar Niyu Meksiko ta Amurka, sai suka ci karo da itace. Suka bi shi a hankali suna share ƙasar da ta binne shi, har ya bayyana gaba ɗaya. Gungume ne a kwance, tsawonsa ya kai mita shida, ga guntayen saiwa a gindinsa. Irin bishiyar nan ce da ake kira fandarosa, doguwa miƙaƙƙiya mai ganye kamar allura, wadda ba ta son komai sai tudu da sanyi. Judd ya dube shi, ya dubi kwarin da ke kewaye da shi, inda babu abin da ido ke gani sai rairayi da duwatsu da ƙananan tsirrai da ba su wuce ƙugu ba. Ya yanke hukunci cewa a nan bishiyar ta tsiro, a nan ta rayu, kuma ita ce autar wani kurmi da ya taɓa rufe kwarin kafin mutanen wurin su cinye shi da gatari.

Maganar ta yi daɗin ji, ta kuma zauna. An yi kusan shekara ɗari ana maimaita ta, masu zane suna zana gidan da bishiyarsa guda tilo a tsakiya tana ba da inuwa.

Kangon shi ne Pueblo Bonito, a kwarin Chaco. Wani hafsan sojan Amurka, James Simpson, ya bi ta wurin a 1849 ya rubuta abin da ya gani, sunan kuwa daga bakin ɗan jagoransa ya fito, da harshen Sifaniyanci, ma'anarsa kyakkyawan gari. Gini ne na dutse mai siffar rabin wata, ɗakunansa sun haura 600, bayansa ya kai hawa huɗu, sannan da ɗakunan ibada masu zagaye da aka haƙa cikin ƙasa, waɗanda ake kira kiva. Ba shi kaɗai ba ne. Kusa da shi akwai Chetro Ketl, da Pueblo del Arroyo, da Pueblo Alto a kan tudu, da wasu, sama da goma a cikin kwarin da gefensa. Masu binciken kufai suna kiran su manyan gidaje. Kakannin mutanen Pueblo ne suka gina su, wato kakannin Hopi da Zuni da Acoma da sauran garuruwan da har gobe suna nan da harsunansu da al'adunsu. A tsofaffin littattafai za ka ga an kira su Anasazi, kalmar harshen Nabaho ce, kuma jikokin ba sa son ta, don haka aka daina.

Wanda ya san soron ƙasa zai gane rufin waɗannan ɗakuna da kallo ɗaya. Manyan gungume ake gittawa daga bango zuwa bango, a jera ƙananan sanduna a kansu kamar yadda ake jera azara, a shimfiɗa tsagaggen itace da ɓawo, sannan a daɓe da laka. Rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen ɗakin sama. Ƙofofi da tagogin shan iska ma duk da itace aka ɗaure kansu. Da masana suka zauna suka yi lissafin itacen da manyan gidajen kwarin suka ci, sai adadin ya tashi kusan bishiya 240,000. Ruwan saman da ke sauka a wurin a shekara bai cika wuce milimita 220 ba. Mutanen ba su da doki, ba su da jaki, ba su da amalanke, ba su da ƙarfe. Gatarinsu na dutse ne. To daga ina itacen ya fito?

Kafin a kai ga ina, sai da aka fara warware yaushe. Lokacin da Judd ya fara haƙa a 1921, da kuɗin ƙungiyar National Geographic, babu wanda zai iya gaya maka ko ginin ya shekara ɗari biyar ko dubu biyu. Wanda ya kawo mabuɗin ba masanin kufai ba ne, masanin taurari ne, Andrew Ellicott Douglass, wanda abin da ya dame shi shi ne baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana, da ko suna da hannu a sauyin damina. Yana neman tsohon tarihin ruwan sama, sai ya same shi a cikin itace. Idan ka yanke gungume ka dubi fuskarsa, za ka ga zobba, ɗaya cikin ɗaya. A ƙasar da ke da lokacin sanyi mai tsanani, bishiya zobe ɗaya take ƙarawa kowace shekara: mai faɗi in an sami ruwa, siriri in an yi fari. Duk bishiyoyin yanki guda fari ɗaya suke sha, saboda haka jerin faɗi da sirantar zobbansu iri ɗaya ne. In ka sami tsohon gungume wanda ƙarshen rayuwarsa ya haɗu da ƙuruciyar wata bishiya mai rai, sai ka ɗora jerin wannan a kan na wancan, ka matsa baya. Da haka, daga gungume zuwa gungume, ake tafiya baya cikin ƙarnoni.

Douglass ya wayi gari da igiyoyi biyu a hannu. Ɗaya ta taso daga bishiyoyi masu rai, ta bi ta tsofaffin azarun garuruwan Hopi, ta tsaya a wajajen 1260. Ɗayar ta fito daga kangaye irin su Pueblo Bonito, tsawonta kusan shekara 600, amma tana lilo a iska, ba a san inda za a ƙulla ta ba. Aka yi ta fita neman itacen da zai haɗa su, shekara da shekaru. Ranar 22 ga Yuni 1929, a garin Show Low na jihar Arizona, wasu matasa biyu, Lyndon Hargrave da Emil Haury, suka tono wani ƙonannen gungume da ke neman rugurgujewa, aka ɗaure shi da zare, aka sa masa lamba HH-39. Zobensa na can ciki ya faɗa a 1237. A daren nan Douglass ya zauna ya gwada jerin, ya ga igiyoyin sun haɗu. Ashe ma tun farko babu giɓi tsakaninsu. Sun riga sun hau juna, sai dai wurin haɗuwar ya faɗo cikin babban farin da aka yi daga 1276 zuwa 1299, lokacin da zobba suka sirance har wasu suka ɓace, shi ya sa ido bai kama ba. Nan take kangaye da dama suka sami shekarun haihuwa. Douglass ya ba Pueblo Bonito 919 zuwa 1130, bincike na baya kuma ya mayar da farkon ginin zuwa tsakiyar shekarun 800.

Wannan ya ƙara wa tambayar nauyi. Ɗaruruwan dubban bishiyoyi cikin shekara 300 kacal, mafi yawansu ma a ƙarni na 11. Amsar Judd tana nan tana jira: da akwai kurmi, suka sare shi, zaizayar ƙasa ta biyo baya, gonaki suka lalace, suka tashi. Ni dai ina zargin abin da ya sa labarin ya daɗe shi ne yana da darasi a bakinsa, mutane kuwa suna son kango ya yi musu wa'azi.

Shaidar da ta fara girgiza shi daga ramin ɓera ta fito. A hamadar yammacin Amurka akwai wani ɓeran daji mai halin gafiya, duk abin da ya gani sai ya ja zuwa raminsa: ganye, tsinke, iri, ƙashi. Ba ya nisa wajen tarin, iyakarsa kewayen kogonsa. Yana fitsari a kan tarin, fitsarin ya bushe ya daskare kamar ƙaro, ya rufe komai. A cikin kogon da ruwa ba ya shiga, irin wannan dunƙule yana iya shekara dubu goma bai ruɓe ba. Julio Betancourt da Thomas Van Devender suka tattaro su daga tsagogin duwatsun Chaco, suka jiƙa su cikin ruwa har suka narke, suka tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, aka auna shekarunsu da gwajin kabon. Sakamakon ya fito a 1981. Itatuwan tsauni sun taɓa zama a kwarin, amma a ƙarshen zamanin ƙanƙara, fiye da shekara dubu goma baya. A zamanin masu ginin, abin da ke wurin gajerun bishiyoyi ne, finyon da junifa, masu karkace da reshe barkatai, sun yi kyau da murhu da ƙananan ayyuka, amma ba za ka fitar da miƙaƙƙen gungume mai mita biyar daga cikinsu ba. Waɗannan gajerun kam sun ragu ƙwarai bayan zuwan manyan gidaje, wannan ɓangaren zancen Judd yana da ƙamshin gaskiya. Dogon kurmin fandarosa dai ɓera bai gan shi ba.

Mataki na gaba shi ne a tambayi gungumen su wane ne. Tsohon itace da aka feƙe ɓawonsa duk kama ɗaya yake wa ido, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da lantarki ƙwayoyin jikinsa sun bambanta. A 1986 Betancourt da Jeffrey Dean da Herbert Hull suka nuna cewa cikin azarun akwai sifurus da fir, kusan ɗaya cikin biyar. Waɗannan biyun ba sa tsirowa sai can ƙwanƙolin tsaunuka, inda ƙanƙara ke kwana watanni. Tsauni mafi kusa da ke da su yana da nisan kilomita 75 ko fiye. Sun kuma lura da wani abu: jikin gungumen sumul yake, babu ƙarzuwar da za ka gani in an ja itace a ƙasa ko an mirgina shi a kan duwatsu. Zancen kogi ma bai taso ba. Rafin Chaco a bushe yake yawancin shekara, in ya kawo ruwa kuma ba daga waɗannan tsaunuka yake tasowa ba. Ɗauko su aka yi.

Saura a san wane tsauni. Uku ne ke kewaye da wurin a kusan nisa ɗaya: Chuska a yamma, San Mateo a kudu maso gabas, inda dutsen Taylor yake, da San Pedro a gabas. A nan sinadarin sitirontiyam ya shigo. Yana cikin duwatsu da ƙasa da ƙura, iri-iri ne, amma biyu ake kulawa da su, mai nauyin 87 da mai nauyin 86. Yawan ɗaya a kan ɗaya ya danganta da irin dutsen da tsufansa. Bishiya tana shan sa ta saiwa tana ajiyewa a jikinta ba tare da ta sauya ma'aunin ba, kamar tsagar gado a fuska: ko ina mutum ya je, a gane gidansu. An yi sa'a tsaunukan uku ba dutse ɗaya ba ne. Chuska dutsen yashi ne, San Mateo na aman wuta, San Pedro kuwa tsohon dutse ne mai tauri tun na farkon duniya. Nathan English da abokan aikinsa suka gwada bishiyoyi masu rai a kowane tsauni, suka gwada azarun manyan gidaje shida, suka buga sakamakon a 2001. Itacen ya rabu gida biyu, Chuska da San Mateo. Daga San Pedro ko ɗaya babu, alhali bai fi sauran nisa ba. Kuma a gida ɗaya ana samun itacen tsaunukan biyu.

Wannan rashin San Pedro ya fi komai jan hankalina. Da ƙarancin itace ne kawai ya kore su zuwa nesa, da duk inda itace yake sun je. Amma sun zaɓa. Wajen Chuska da wajen San Mateo akwai ƙauyuka masu yawa da ƙananan manyan gidaje irin fasalin na Chaco, wajen San Pedro kuwa babu su sosai. Itacen ya bi inda ake da mutane, inda ake da zumunci ko biyayya.

Sai aka sami masu ja. A 2014 Brandon Drake da Wirt Wills da wasu suka ce a yi hattara, musamman game da fandarosa, wadda ita ce kusan rabin itacen ginin. Hujjarsu ita ce ma'aunin sitirontiyam na Chuska bai keɓanta da Chuska ba, ana samun makamancinsa a wurare da suka fi kusa, har da 'yan tsirarun fandarosa da ke maƙale a lungunan gabashin kwarin. Ƙorafi ne mai ma'ana, domin gwajin sinadari yana nuna inda itace zai iya fitowa ne, ba lallai inda ya fito ba.

Amsar ta zo ta hanyar komawa ga dabarar Douglass, amma a yi mata sabuwar tambaya. Gaskiya ne duk yankin fari ɗaya yake sha, sai dai kowane tsauni yana da ɗan nasa bambancin: shekarar da hadari ya sauke a wannan, ya tsallake wancan. Christopher Guiterman, tare da Thomas Swetnam da Jeffrey Dean, a ɗakin binciken zobban itace na Jami'ar Arizona, wanda Douglass ya kafa a 1937, suka ɗauko samfuran da ke ajiye a akwatuna tun zamanin Judd. Suka auna faɗin kowane zobe a gungume 170 daga manyan gidaje bakwai, suka gwada da jerin zobba na wurare takwas da ke kewaye. Abin da suka buga a farkon 2016 ya tabbatar da Chuska, sannan ya fito da wani wuri da ba a taɓa sa shi a lissafi ba, tsaunukan Zuni da ke kudu, su ma kimanin kilomita 75. Kusan kashi 70 cikin ɗari na itacen daga waɗannan biyun ya fito. Ga kuma tsarin lokaci: kafin 1020 yawanci daga Zuni ake kawowa, zuwa 1060 kusan komai ya koma Chuska. Daidai wannan lokacin ne aikin gini ya bunƙasa a kwarin, salon jera dutse ya canza, kuma tukwanen da aka ƙera a gindin Chuska suka cika gidajen, tare da wani jan dutse mai kaifi daga mashigar Narbona da ake fasawa a yi wuƙa da kan kibiya. Hanyar da itace ya biyo, ita tukunya ta biyo.

Yadda aka ɗauko kuwa, an daɗe ana zato cewa layin mutane ne ke saɓa gungume a kafaɗa ko su rataye shi a kan sanduna. Wani malamin Jami'ar Colorado a Boulder, Rodger Kram, wanda sana'arsa nazarin yadda jikin ɗan'adam ke tafiya da ɗaukar kaya, ya ga nauyin da ake rubutawa na babban gungume, kilo 275, ya ce da sake. Da aka yi lissafi da busasshen itace, sai nauyin mai mita biyar ya dawo wajen kilo 85. Shi da ɗalibinsa James Wilson suka fara da kafaɗa, suka ji a jikinsu. Sai suka koma ga wata dabara da aka san mutanen Chaco da ita, don an tono ragowarta da aka saƙa da zaren yuka, an kuma ga 'yan mutum-mutumin yumɓu ɗauke da kaya da ita. Ba irin ɗaukarmu ta gammo ba ce, inda kaya ke zaune a tsakar kai. Maɗauri ne mai faɗi da ake ɗorawa a saman kai, bakinsa biyu su sauka baya su riƙe kayan a gadon baya, nauyin ya bi ƙashin baya ya sauka. Suka yi watanni suna horar da wuya. Ranar gwaji suka jera kafaɗa da kafaɗa, gungumen fandarosa mai kilo 60 a gicciye a bayansu, suka yi kilomita 25 a hanyar daji cikin abin da bai kai awa goma ba. Don hutu, sun ari dabarar 'yan dakon Nepal, wata sanda mai lanƙwasa da ake tokare kaya da ita ba sai an sauke ba. An buga wannan a 2023. Da wannan tafiya, kwana uku ko huɗu sun isa a kawo gungume daga Chuska. Tsofaffin hanyoyin da suka fita daga Chaco, wasu faɗinsu ya kai mita tara, suna da wurin da mutane za su jera a gicciye haka.

An daina manyan gine-gine a kwarin bayan 1130, lokacin da wani dogon fari ya shigo, mutane suka yi ta ƙaura a hankali zuwa arewa da kudu da gabas. Jikokinsu na zuwa ziyara har yau, ba su ɗauki wurin a matsayin kufai ba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Saura gungumen Judd. Guntunsa yana ajiye a ɗakin binciken nan na Jami'ar Arizona da ke Tucson da lamba JPB-99. Guiterman da abokansa suka fito da shi, suka yi masa gwajin biyu, na zobba da na sitirontiyam, sannan suka koma ga rubuce-rubucen Judd da hotunan ranar da aka tono shi. Saiwar da aka yi ta magana a kanta guntaye ne kawai, babu wata babbar saiwa da ta nutsa cikin ƙasar tsakar gidan, gungumen ma a kwance yake a saman daɓen ƙarshe. Bishiyar ta rayu fiye da shekara 250, ta mutu a farkon shekarun 1100. Zobbanta da sinadarinta duka Chuska suka nuna, fiye da kilomita 50 daga inda aka same ta. A rahotonsu na 2020 sun kawo abin da za a iya yi da ita a tsakar gida: turken biki, ko benci, ko itacen wuta da aka ajiye ba a kai ga faskarawa ba. Ita ma a bayan mutane ta zo.